Ɗana ya zo na uku a aji, kwana biyu ya ƙi cin abinci

Maman Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo.

Babban yarona, ba zan kama suna ba kun san ɗan fari, shekararsa tara, yana aji huɗu. Tun da ya shiga firamare shi yake zuwa na ɗaya. Wannan zangon sai ya zo na uku. Wallahi tun a cikin adaidaita ya fara kuka, muna isa gida ya shige ɗaki ya kwanta rub da ciki, ko takalmi bai cire ba. Ranar bai sa komai a bakinsa ba. Washegari shayi kawai ya kurɓa. Har indomi da ƙwai na yi masa, abin da ko barci yake in ya ji ƙamshi sai ya tashi, ya kalli kwanon ya juya wa bango fuska. Abin da ya fi tsaya min a rai maganar da ya yi da daddare, wai shi ba shi da amfani, in ba ƙanwarsa jakar makarantarsa.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ba yau abin ya fara ba. In ana ludo aka cinye shi, kifar da allon yake. Keken da babansa ya saya masa sau ɗaya ya faɗi a kai, yau shekara biyu yana jingine a bayan ƙofa.

Babansu ya ce ni na lalata shi, ina lallaɓa shi kamar ƙwai. Ya ce wannan dogon hutun zai kai shi ƙauye wajen mahaifiyarsa, can wajen Ringim, ya yi sati shida cur, ya je gona ya taka ƙaya ya san duniya. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. A bene muke haya a nan Kano, get a kulle kullum. Tun labarin yaran nan da aka sace aka gano su a Onitsha a 2019 na sa wa raina ɗana ba zai yi aike ba, ko shagon ƙasa. Daga makaranta sai lesin, sai islamiyya, sai gida, sai wayata. Yaron da bai taɓa kwana nesa da ni ba zan ɗauka in kai inda babu wuta, ga damina ga sauro?

In bar shi ya tafi ko in dage?

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ya yi gaskiya, ki haɗa masa kaya gobe ma. Ina shekara tara ni nake kora awakin gidanmu kiwo, in yanko ciyawa, in ɗebo ruwa kafin in tafi makaranta a ƙasa. Kuka don an zo na uku? Ni na taɓa zuwa na 41 cikin mu 43, na shigo gida ina fito, na cinye tuwona har da na ƙanina.

Amarya Sabuwa:
Baba Direba su wa ka kayar ɗin nan guda biyu? 😂

Direban Tirela:
Ɗaya ciwo ya kwantar da shi, ɗaya tun tsakiyar zango ya bar makarantar. Amma dai na kayar da su. Kuma yau in taya ta fashe min a daji ƙarfe biyun dare ba na kiran kowa ina kuka.

Malamin Firamare:
Kafin a kai ga maganar ƙauye ina da tambaya. Maman Yara, duk lokacin da ya zo na ɗaya me kuke ce masa a gida? Ainihin kalmomin nake so.

Maman Yara Uku:
Me kuwa za mu ce Malam? Gwanina, ɗan baiwa, babu kamarka a ajin. Nakan ɗora sakamakon a sitatus 'yan uwa su yi ta barka. Keken ma ladan na ɗaya ne. Kuma, to gaskiya, bara babansa ya taɓa ce masa kada ya kuskura ya bari mace ta wuce shi. Wadda ta zo na ɗayan yanzu mace ce.

Malamin Firamare:
Yauwa, nan nake so mu zo. Shekarata 22 ina riƙe da alli, kuma ranar raba sakamako ba masu zuwa ƙarshe irin su Baba Direba nake sa wa ido ba, 'yan sahun gaba nake kallo. Yaron da aka shekara huɗu ana ce masa ɗan baiwa, ya riga ya ɗauka na ɗayan nan sunansa ne na yanka. Ranar da wata ta karɓe sai ya ga kamar an raba shi da sunansa. Shi ya sa ya ce a ba ƙanwarsa jaka.

Akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Carol Dweck, ita da abokiyar aikinta sun fitar da wani bincike a 1998. Sun ba 'yan aji biyar tambayoyi masu sauƙi. Da suka gama aka ce wa wasu lallai kuna da basira, wasu kuma aka ce musu lallai kun yi ƙoƙari. Sai aka kawo masu wuyar da kowa zai faɗi. Waɗanda aka yaba wa basira su suka fi saurin karaya, in an ba su zaɓi sai su ɗauki mai sauƙi don kada asiri ya tonu, wasu har ƙarya suka yi a kan makinsu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka ci gaba da fafatawa. Ni ba sai Amurka ta gaya min ba, kullum ina gani a ajina. Keken da ke bayan ƙofa ma duk labarin ɗaya ne. Ɗan baiwa ba ya faɗuwa, to gara kada ya hau.

Ki ɗauko takardar ku zauna, ki daina kallon wurin da aka rubuta na nawa, ku duba darasi darasi, ki tambaye shi wanne ya ba shi wuya. Sannan in har za a kai shi ƙauye, don Allah kada a ce masa don ya zo na uku ne. In ya ɗauka kora ce, kun tabbatar masa da abin da yake tsoro.

Hajiya Kaka:
Jikata ce ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan.

'Yata, ki saurare ni. Na haifi tara, na riƙe na wasu ban san iyaka ba. Ƙauye ba asibiti ba ne, can ma akwai shagwaɓaɓɓu. Amma akwai abin da yaronki bai samu ba, kuma laifin ba naki ba ne ke kaɗai. A zamaninmu in farin wata ya fito, da an ci tuwo yara duk suna dandali. Maza na langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ana ture juna, mata na gaɗa. A dare ɗaya yaro zai sha ƙasa sau goma. A yi masa dariya, ya tashi ya kakkaɓe, don in ya tsaya kuka wasan ba ya jiransa, wani zai shiga gurbinsa. Wanda ya yi fushi ya tafi gida, gobe shi zai riga kowa fitowa. Babu babban da ya zaunar da su ya ce ku koyi haƙuri. Ko a tatsuniya, sau nawa dubun Gizo ke cika a yi masa lilis, gobe ya dawo da sabuwar dabara?

Sannan mu ɗan fari ko sunansa ba ma faɗa, balle mu rungume shi a gaban mutane. Amma yaron ba ya rasa cinyar da zai kwanta. Ga kaka tana ce masa angona, ya zo ya wawure mata goro, ga goggo, ga kawu, ga matar maƙwabci da za ta zuba masa abinci in uwarsa ta yi masa faɗa. Ke yanzu ke ce uwa, ke ce kaka, ke ce abokin wasa, ke ce malamar lesin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki bar shi ya je ya san kakarsa tun tana da rai.

Maman Tagwaye:
Hajiya Kaka Allah ya ƙara girma, amma dandalin nan da kike faɗa ina yake yanzu? An yanka shi fuloti an sayar. Ku yi min afuwa, ni ina bayan Maman Yara. Kowa sai cewa yake a saki yara, a saki yara. Kun manta yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a nan Kano ƙarshen 2021, kuma wanda ya yi aika-aikar mai makarantarsu ne? A layinmu 'yan shekara sha biyu sun san sunayen ƙwayoyin da ni ban sani ba. Ƙauyen ma, duk damina sai mun ji a rediyo yara sun nutse a kududdufi. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na bokiti ba za a sake shi cikin waɗanda suka iya iyo? Gara ɗana ya yi kukan ludo a gabana da in yi kukansa.

Direban Tirela:
To ki ɗaure shi a ƙafar gado har ya yi gemu. Ka ƙi naka duniya ta so shi. Mu bulala da yunwa suka gyara mu. Ku dubi almajirai, wa ya kai su juriya? Ruwa, sanyi, rana, ba ka taɓa jin ɗayansu ya ƙi abinci don ɓacin rai.

Tsohon Almajiri:
Yaya Direba, a nan kam sai na tsoma baki, don ni na yi abin da kake ba da misali da shi. Ina shekara bakwai aka ɗora ni a motar kasuwa da allo da tabarma da ƙoƙo. Shekara takwas na yi ba na ganin gida sai da sallah, wata sallar ma ba na zuwa. Alhamdu lillahi na sami karatu, har gobe ina yi wa malamina addu'a. Amma kada a ce wahalar ce ta gyara mu. Mu da kuke gani kuna cewa juriya, mu ne muka tsira. Waɗanda ba su tsira ba ba ku san su ba. Cikin waɗanda muka zo tare akwai wanda ya bi 'yan tasha, akwai wanda har yau in aka ɗaga murya kusa da shi jikinsa sai ya ɗauki rawa, magidanci da 'ya'yansa. Almajiri ba ya ƙin abinci ne don ba shi da wanda zai ƙi wa.

Abin da ya riƙe ni wata baiwar Allah ce da nake yi wa shara da wanke-wanke, uwar ɗakina. Ba mai kuɗi ba ce, ƙosai take soyawa. Kullum za ta ajiye min ɗumame a wani ɗan kwano mai murfi, ta ɗora dutse a kai saboda kaji. In na shigo sai ta dube ni ta ce, kai yau me ya sami idonka? Da ƙazuwa ta cinye min hannu ita ta sayo magani, tana faɗa tana shafa min. Ranar da gardi ya zane ni a kan laifin da ba nawa ba, can na je na zauna bakin murhunta ban ce komai ba. Ita ma ba ta tambaye ni ba, ta miƙo min ludayi ta ce buga min ƙullun nan. Na yi ta bugawa har kukan ya wuce. In ka cire matar nan daga rayuwata ban san inda zan kasance yau ba. Allah ya jiƙanta.

Amarya Sabuwa:
Amin. Wallahi ka sa ni hawaye.

Ma'aikaciyar Jinya:
Amin ya Allah. Malam, labarinka ya tuna min wani bincike. A tsibirin Kauai da ke Hawai ta Amurka, wata masaniyar halayyar yara, Emmy Werner, da abokan aikinta sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a can a 1955, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci, ko gidan da kullum rigima, ko iyaye masu shaye-shaye ko taɓin hankali. Mafi yawan waɗannan sun gamu da matsala, wasu a makaranta wasu da hukuma. Kun ga ke nan wahala ta fi karyawa a kan gyarawa, Baba Direba. Amma kusan ɗaya cikin ukunsu sun girma lafiya lau, da aikinsu da iyalinsu. Da aka duba abin da suka haɗa, sai aka yi ta ganin sun sami aƙalla babba ɗaya da ya riƙe su tsakani da Allah, wani kakarsa, wani innarsa, wani malami, wani maƙwabci. Da yawansu kuma akwai aikin da aka ɗora musu a gida ake dogara da su a kai, kamar rainon ƙanne. Mai ƙosan Malam ke nan, har da ludayin.

Maman Yara, bari in yi miki irin tambayarmu ta asibiti. Ƙarfe nawa yake barci? Yaushe yake ajiye waya? Yaushe rabon da ya yi gudu har ya jiƙe da gumi?

Maman Yara Uku:
Hmm Anti. Wayar daga isha har barci ya ɗauke shi, wajen sha ɗaya. Biyar da rabi na tashe shi. Gudu kuwa sai dai ranar wasanni a makaranta, ita ma nakan ce ya yi a hankali kada ya ɓata farar safa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Awa shida da rabi ke nan. Ɗan shekara shida zuwa sha biyu barcin awa tara zuwa sha biyu yake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙa'idarta ta 2020 ta ce daga shekara biyar zuwa sha bakwai a sami kamar awa guda kullum ana motsa jiki sosai. Ko babba ka hana shi barci, ƙaramin abu sai ya sa shi ƙwalla. Ki fara da wannan, ba ya cin ko sisi. Amma ki sa ido. In ƙin abincin nan da maganar ba ni da amfani suka ja har sati biyu, ko ya daina sha'awar duk abin da yake so, ku ga likita, kada a tsaya cewa shagwaɓa ce.

Direban Tirela:
Na ji, Allah ya jiƙan mai ƙosai. Amma bulala fa? Ai ko hadisi ya ce a doke su a kan sallah in sun kai goma.

Malamin Islamiyya:
Hadisin yana nan a Abu Dawud, ba wanda ya musa. Amma a lura, cewa aka yi a umarce su suna bakwai, sai a goma ake maganar duka. Shekara uku ke nan ana koyarwa, sallah biyar kullum, in ka lissafa ya haura sau 5,000 kafin a taɓa yaro. Malamai kuma sun sa sharaɗi, ban da fuska, ban da mai raunatawa. Kuma a kan sallah ake magana, ba zuwa na uku ko fasa kofi ba. Mu sai muka riƙe wannan ɗayan gam muka manta sauran. Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko uf bai taɓa ce masa ba. Aƙra'u bin Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Wanda ya fi taɓa ni na ƙanin Anas ne, Abu Umair. Yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Manzon Allah ya same shi cikin damuwa, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Bai ce masa namiji ba ya baƙin ciki a kan tsuntsu ba. Don haka Maman Yara, damuwar yaron nan a wajensa babba ce, kada a yi masa dariya. Kada kuma a ruɗe a hau soye-soye kamar an yi rasuwa, sai ya ɗauka lallai masifa ce ta sauka.

Bakanuwa a Ingila:
Malam ka faɗi abin da nake gani a nan. Yaro zai faɗi a filin wasa, uwar ba ta zabura, sai ta tsaya ta ga ko zai tashi da kansa. Da na lura sai na ga yaro fuskar uwa yake fara kallo kafin ya san ko zai yi kuka. Ni da in nawa ya faɗi salati nake sakawa, shi kuma ya tsandara ihu. Makarantar yarana ma ba a rubuta na ɗaya na biyu, farkon zuwana har tsayawa na yi ina yi wa malamar naci ta gaya min na nawa ya zo. Amma kada ku ɗauka nan aljanna ce. Kaɗaicin da Hajiya Kaka ta faɗa nan ne gidansa. Lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya yi, kowa na ɗakinsa da wayarsa.

Direban Tirela:
Mutanen da ke kai iyayensu gidan gajiyayyu su za su koya mana tarbiyya?

Bakanuwa a Ingila:
Baba Direba, mu da muke barin ɗan shekara bakwai yana kwana a shagon mutane ba mu da bakin yi wa kowa gori.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan hanya. Baiwar Allah shawara ta nema a kan ɗanta, ba gasar mu da Turawa ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku yi hanƙuri da Hausarmu ta Maraɗi. Maganar Maman Tagwaye gaskiya ta, tsoron ga ba na banza ba na. Ga abin da munka yi garkarmu. Gida shidda munka haɗa kai. In ɗiya sun taso daga lakwal an yi la'asar, sai su hita tsakanin iccen bedi da masallaci, ba su wuce nan. Kullum mutum guda na zamne bisa tabarma, yau tsohon ga, gobe wancan. Sharaɗi guda munka yi, mai tsaro ba ya shiga hwaɗan yara sai in ya ga jini ko an taru kan guda. Da hwarko ƙara ta yi yawa, Baba wane ya ture ni. Tsoho sai ya ce to tashi mana. Yanzu su ka yin alƙalancinsu, har da dokokin ƙwallon da ba su cikin littahin kowa.

Maman Tagwaye:
Wannan sai inda maƙwabta suka san juna. Mu a benenmu shekara uku ban san sunan matar ƙasa ba.

Hajiya Kaka:
To ki dafa abinci ki aika mata, 'yata. Ki ba tagwayen su kai.

Maman Yara Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babansu wasu, na tsallake wasu. Mun daidaita a kan sati biyu. Ni zan kai shi da kaina da gidan sauronsa, kuma na roƙi Inna ban da kududdufi. Mun ce masa kakarsa ce ta aiko tana kewar angonta. Zan dawo da labari in sha Allah.

Maman Yara Uku:
Salamu alaikum, ga ni kamar yadda na yi alkawari. Daren farko da na biyu ya sa an kira ni yana kuka in zo in ɗauke shi, wai banɗakin babu fitila, wai jaki na ta kuka. Wallahi sau biyu ina ɗaukar mayafi, sai da babansu ya ɓoye makullin get. Rana ta uku na kira da safe, Inna ta ce sun tafi gona da 'ya'yan baffansa. Na kira da yamma aka ba shi wayar, ya ce Umma ina zuwa ana jirana, ya ajiye. Na zauna riƙe da waya ban san daɗi zan ji ko haushi ba.

Ya dawo ya yi baƙi, gwiwa duk ɓawon ciwo. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya zama wani mutum daban ba. Shekaranjiya ƙanwarsa ta cinye shi a ludo, ya tashi fuu ya shige ɗaki. Amma allon na nan zaune bai kifar ba, kuma kafin in gama yanka alayyahu ya fito ya ce a sake. Wai a can an kayar da shi a langa ya fi sau ashirin, har wani ɗan shekara bakwai ya kayar da shi, yana ba ni labari yana dariya. Inna ta ɗora masa ba wata 'yar akuya dusa safe da yamma, ta ce in ya manta da yunwa za ta kwana. Bai manta ba ko sau ɗaya.

Jiya na yi ta maza na aike shi shagon ƙasa sayo magi da naira 500. Ina laɓe bayan labule har ya dawo. Canjin ya gaza da naira 50. Da a da ne da kaina zan sauka. Na ce ya koma ya tambaya. Ya tsaya bakin get ya fi minti biyar yana murza kuɗin a hannu, sannan ya je. Ashe mai shagon ne ya yi kuskure. Waya kuma da an yi isha nake karɓewa, ana ta yaƙi, amma ƙarfe tara ya yi barci. Keke dai har yanzu yana bayan ƙofa.

Maman Tagwaye:
Alhamdu lillahi da ya dawo lafiya. Ni dai nawa ba inda za su je. Amma na aika wa matar ƙasa dambu, ta dawo min da kwanon cike da cincin. Ashe tana da 'yan mata biyu sa'anninsu.

Malamin Firamare:
Madalla. Babansa ya janye maganar mace?

Maman Yara Uku:
Na tuna masa, ya dai yi shiru ya ci gaba da cin abincinsa. Sai a hankali Malam.

Yanzu wata sabuwa ce ta taso. Inna ta ce ta bar masa akuyar kyauta, shi kuma ya dage sai an kawo ta Kano. Hawa na biyu fa muke. Wa zai fahimtar da shi?

Direban Tirela:
Ranar Alhamis zan biyo ta Ringim babu kaya. A gaya wa Inna ta ɗaure ta bakin titi.

Maman Yara Uku:
Baba Direba don girman Allah kada ka soma, yana tsaye a bayana yana karantawa.